Kwana Biyu a "Faransa": Tarihin Iyakar Illo Daga Bakin Akushi

Gabatarwa

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi. Na daɗe ina jin wannan karin magana, har na taɓa kawo ta misali a jarrabawar adabin baka, amma ban tabbatar da ita ba sai a dogon hutun da ya wuce, sa'ad da abokina, wanda muke ɗaki ɗaya da shi a nan jami'a, ya ja ni zuwa garinsu. Shi mutumin Illo ne, cikin ƙaramar hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi.

Ranar da muka gama jarrabawa ya dube ni ya ce, "Malam, haɗa kayanka, bana sai na kai ka Faransa ka ci abincin Turawa."

Na ce, "Haba aboki, ni da ko Ikko ban taɓa takawa ba?"

Ya ce, "Faransarmu ba ta bukatar jirgin sama. Kuɗin babur ya isa."

Ashe tsofaffin yankinsu har yanzu Faransa suke kiran ƙasar da ke bayan iyaka, watau Jamhuriyar Benin, wadda a da ake kira Dahome. Muka je, muka yi kwana biyu a Malanbil, muka sha kallo, muka ci muka ƙoshi. Abin da nake so in nuna wa mai karatu shi ne, iyakar da muka ƙetare jaririya ce idan aka gwada ta da hanyar da ta yanke. An ja iyakar cikin 1898, hanyar kuwa ta haura shekara 500. Kuma babbar shaidar da na samu a kan haka, a rumfunan masu abinci na same ta.

Daga Jega zuwa Illo

Mun sauka Jega da hantsi, muka sake mota zuwa Bagudo. Daga Bagudo muka haye kogin Kwara ta gadar Tuga, muka bi ta Ka'oje, ba mu isa Illo ba sai bayan la'asar. Wanda ya saba da Kano ko Katsina, in ya zo nan sai kunnensa ya ruɗe. A gindin bishiya ɗaya za ka ji Busanci da Dandanci da Fillanci da Kyanganci, in kuma ciniki ya haɗa su duka sai a koma Hausa. Abokina kansa harshe huɗu yake ji, ga ɗan Faransanci na gaisuwa da tambayar farashi.

Illo tsohon gari ne ƙwarai. Yana ɗaya daga cikin manyan biranen ƙasar Bargu guda uku, sauran biyun su ne Busa da Nikki. Bargawa suna cewa sarakunan garuruwan nan uku duk zuriyar Kisra ne, wani sarki da ya taso daga gabas, ya ƙetare Kwara da jama'arsa. Ko mutum ya yarda da labarin Kisra ko bai yarda ba, abin lura shi ne garuruwan suna ɗaukar kansu 'yan ɗaki ɗaya. Yau Illo tana Jihar Kebbi, Busa tana Jihar Neja, tsohon garinta ma ruwan madatsar Kainji ya shanye shi cikin 1968, Nikki kuwa tana Benin. Gida ɗaya ya rabu uku.

Arewa da Illo akwai ƙasar Dandi. Bayan da rundunar Maroko ta karya daular Sanwai cikin 1591, sarakunan gidan Askiya da suka ƙi miƙa wuya sun gangaro nan suka ci gaba da sarauta. Harshensu, Dandanci, shi ya zama harshen kasuwa a Kandi da Faraku da Jugu, kuma har gobe ana ciniki da shi a garuruwan nan.

Hanyar Gwanja

Me ya kawo Bahaushe wannan yanki tun farko? Goro ne. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452, aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja. Gwanja ƙasa ce a arewacin Gana ta yau, babbar kasuwarta Salaga. Ba a nan goro yake tsirowa ba, daga kurmin Asante ake kawo shi, fatake su saya su ɗora wa jakuna.

A ƙarni na 19 manyan hanyoyi biyu fatake suke bi ta wannan sashe. Wasu su ƙetare Kwara a wajen Yawuri ko Busa, su bi ta Nikki da Faraku. Wasu kuma su taru a Jega, wadda kasuwarta ta yi suna a zamanin daular Usmaniyya, su ƙetare a wajen Illo ko Gaya, su bi ta Kandi. Hanyoyin biyu suna haɗuwa a Jugu, daga nan a miƙe sai Salaga. Ayari yana da madugu, shi ne shugaba, da jagaba mai shiga gaba, da uban dawaki mai tattara kuɗin da za a biya sarakunan hanya, da malami mai duba ranar tashi. Cikin 1826 Bature Kilafatan ya ci karo da irin wannan ayari a Kayama, cikin Bargu, yana komowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa sun haura 1,000, maza da mata, da dabbobin kaya kusan yawan haka.

Kayan da suke fita da su sun haɗa da kanwa da tufafin saƙi da turkuɗi da kayan fata da gabu, watau busasshen ganyen albasa, da dabbobi. Kada kuma mu ɓoye, har da bayi. Zuwa da dawowa yakan ci watanni da yawa, wani lokaci shekara. A kowane mashigi sai an biya fito, a kowane gari sai an biya sarki. Inda ayari ya saba yada zango, nan unguwa takan tsiro, da masallaci, da fatoma mai saukar baƙi, da mahauci, da mata masu tuyar waina da ƙosai. Wannan shi ne asalin unguwannin da ake kira zango daga Benin har Togo da Gana. Malamai ma hanyar suka bi. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano cikin 1858, jikan Kabawa, wanda muke karanta waƙoƙinsa a aji, hanyar fatake ce ta kai shi Salaga cikin 1892, ya ƙare rayuwarsa a Kete-Karaci cikin 1934.

Yadda aka ja layi

Ana nan sai Turawa suka zo. Ingilishi suna so su riƙe ƙasan Kwara don kamfaninsu na ciniki, Faransawa kuma suna so su sami tashar ruwa a ƙasa da duwatsun Busa, inda jirgi zai iya tafiya har teku. Kowa ya ɗauka wanda ya sami hannun Sarkin Nikki ya sami Bargu duka. Saboda haka aka yi tsere. Kyaftin Lugga, wanda daga baya ya zama Gwamna, ya riga isa Nikki cikin Nuwamba 1894, ya karɓi takardar alkawari ya tafi. Bayan 'yan kwanaki Bafaranshe Dekar ya iso da sojoji, shi ma ya karɓi tasa. Faransawa suka ce takardar Lugga ba ta da ƙarfi, domin bai ga sarki ido da ido ba. Cikin 1897 suka zuba sojoji a Busa da Illo. Ingilishi kuma suka kafa rundunar tsaron iyaka ta Afirka ta Yamma, suka damƙa wa Lugga. Har ta kai tutocin ƙasashen biyu suna kallon juna a ƙauyukan Bargu, saura ƙiris a gwabza.

Ba a gwabza ba. Ran 14 ga Yuni 1898 aka sa hannu a kan yarjejeniya a birnin Paris. Faransa ta ɗauki Nikki da yammacin Bargu, Ingila ta ɗauki Busa da Illo. Ga abin da ya fi ba ni mamaki. Takardar ta ce iyaka za ta taɓa kogi a wurin da ke mil 10 sama da tsakiyar Giri, mashigin Illo. Watau wasu mutane a Paris suka ɗora ma'auni a kan taswira, suka ƙirga mil 10 daga wani ƙauyen masunta, suka ce daga nan Faransa ta fara. Cikin 1906 aka sake wata yarjejeniya da ta tsantsance layin tun daga teku har kogi. A cikin waɗannan shekaru ne kuma Ingilishi suka cire Illo da Ka'oje daga Bargu suka haɗa su da Gwandu. Shi ya sa yau Illo take cikin masarautar Gwandu.

Abokina ya kai ni Giri da safe, muka tsaya bakin ruwa. Masunta suna gyaran koma, mata suna banda kifi. Na ce a raina, ko cikinsu akwai wanda ya san da sunan ƙauyensu aka auna ƙasashe biyu?

Ita hanyar Gwanja ba layin nan kaɗai ya kashe ta ba. Salaga ta fara rauni tun da Ingilishi suka ci Kumasi cikin 1874, yaƙin basasa na 1892 ya watsa 'yan kasuwarta. Da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, sai goro ya koma bin teku zuwa Ikko, daga can a loda shi a jirgi. Jaki ba ya tsere da jirgi.

Malanbil

Daga Illo muka hau babur zuwa Lolo, garin iyaka. A wani shinge aka tsare mu, aka juya katina na ɗalibi gaba da baya, aka ce ba a gane shi ba, sai da muka yi abin da matafiya suka saba yi sa'an nan aka gane shi. Na tuna da fiton da fatake suke biya, sai dai su ana ƙetarar da su ruwa, mu kuwa igiya kawai aka sauke mana. Muka wuce Madikali, gonakin shinkafa da na albasa dama da hagu, ƙasa iri ɗaya, rumbuna iri ɗaya. Abin da ya fara nuna mini mun bar gida shi ne allon makaranta da aka rubuta da Faransanci, da kwalaben fetur jere a bakin hanya, wanda suke kira kwayo, mafi yawansa kuwa daga wajenmu yake tsallakawa.

Da na ji sunan Malanbil na ɗauka wani malami ne ya kafa garin, har na fara shirya bayani a kan yadda kalmar "malam" ta yi tafiya. Abokina ya bar ni na gama, sa'an nan ya ce, "Sannu Shehun Malami. Sunan Bature ne." Gaskiyarsa. An sa wa garin sunan Henri Malan, wani gwamnan Dahome na wajen 1910. Kafin nan wurin 'yan bukkokin masunta ne da ake kira Tasi, watau yashi da Dandanci. Wannan ya zama mini darasi: kamannin sauti ba hujja ba ne, sai an bincika.

Abin da ya raya garin shi ne hanya. Faransawa sun shimfiɗa dogo daga Kwatano ya tsaya Faraku cikin 1936, daga nan motoci suke ɗaukar kaya zuwa bakin kogi. Cikin 1958 aka gina gada tsakanin Malanbil da Gaya ta Nijar. Da ma burinsu shi ne gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta daina bi ta Kano, ta bi ta ƙasar da suke mulki. Tsohuwar hanya daga gabas take zuwa yamma, sabuwa kuwa daga arewa zuwa teku. Da haka Malanbil ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Benin, Illo kuma ta koma gefen hanya.

Mun fara kallo da kasuwa. Ban taɓa ganin albasa mai yawan wannan ba, buhu kan buhu har sun fi tsayin mutum, ga masara da garin rogo da doya daga kudu, ga atamfa da gwanjo daga tashar Kwatano. Na tsaya gaban wata mai gabu, na ce wa abokina, "Ga kayan fatake nan bai ƙare ba." Daga nan muka nufi bakin gada. Tun bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 aka toshe ta, kuma a ranar da muka je ba mota ko ɗaya a kanta. Amma a ƙarƙashinta kwalekwale ne ke kai da kawo, cike da mutane da buhuna da babura. Gada ta tsaya, fito ya dawo. Wani dattijo mai tuƙi ya nuna mana yamma, ya ce can sama tsibirin Lete yake, wanda Nijar da Dahome suka daɗe suna jayayya a kansa, sai cikin 2005 Kotun Duniya ta ba Nijar. Na so mu ƙarasa gandun dajin da ake kira W, saboda kogi ya yi lanƙwasa irin ta wannan harafi a wurin, amma kawun abokina ya hana. Ya ce tun wajen 2021 'yan bindiga suka addabi dajin, ba wurin yawon buɗe ido ba ne.

Abin da akushi ya faɗa

To, sai batun abincin Turawa da aka yi mini alkawari. Da safe mai shayi ya miƙo mana burodi dogo kamar sanda, ɓawonsa da ƙarfi, cikinsa kamar auduga, da kofi mai madarar gwangwani. Abokina ya ce, "To, ka ci Faransa." Iyakar abin da na gani na Faransa a akushi ke nan. Shekara sittin da 'yan kai na mulki, abin da ya bari a teburin mai shayi sandar burodi ce.

Da rana muka shiga wata rumfar abinci. Mai abincin ta dube ni ta ce, "Wace?"

Na ce, "Wace me, Inna?"

Rumfa ta kwashe da dariya. Ashe ba tambayata take yi ba, sunan abinci ta faɗa. Ta buɗe tukunya, sai ga shinkafa da wake, an dafa da karan dafi ta yi ja. Kalmarmu ce ta "wake". Mu kanmu in za mu furta /k/ kafin wasalin /e/ mukan ɗan ganɗanta ta, to a bakin mutanen Gana da Togo da Benin ganɗantawar ta cika, ta zama /c/. A Gana wannan abinci ya zama na kowa da kowa, kuma daga zango ya fito.

Daga nan na fito da ɗan littafina na shiga rubutawa. Cikin kwana biyu na sami tubani, da sunansa, ana ci da mai da yaji. Na sami masa da koko da fura da kilishi, duk da sunayensu. Na sami ƙuliƙuli, wanda mutanen kudancin ƙasar suke murzawa dogo-dogo suna kira kuluikului. Da dare muka ci tsire, su suna ce masa cacanga, mahaucin kuwa Ba'adare ne, da muka gaisa har ya yi mana gyara. Ka duba jerin nan da kyau, mai karatu. Kusan duka abincin matafiyi ne: wanda ba ya lalacewa a hanya, kamar kilishi da ƙuliƙuli, ko wanda ake saya a tsaye a bakin zango, kamar masa da koko. Ba abincin fada ba ne, guzurin fatake ne.

Amma kada mu yi alfaharin cewa mu kaɗai muka bayar. Abincin da ya fi daɗi a tafiyar nan shi ne sakwara da miyar gyaɗa da wagashi. Wagashi cukun Fulanin Bargu ne, da ruwan tumfafiya suke daskarar da madarar, su rina bayansa ja da karan dafi, a soya a jefa cikin miya. Sakwara kuwa mutanen wurin sokuru suke ce mata. Doya amfanin gonar Bargu ce, ba ta Kano ba, saboda haka a ganina mu muka aro, fatake suka komo mana da sunan tare da goro. Hanya ba ta tafiya gefe guda.

Da muka zo biya, mai abinci ta ce, "Dala ɗari uku." Gabana ya faɗi, na ɗauka dalar Amurka take nufi. Abokina ya ce in kwantar da hankalina. A lissafinsu dala ɗaya sefa 5 ce, dala ashirin sefa 100, jaka kuwa sefa 1,000, watau kuɗinmu jaka ɗaya da rabi. Kalmomin nan ma tarihi ne. Dala sunan tsohon kuɗin azurfa ne mai hoton sarauniya Mariya Tariza, wanda ya yi yawo a kasuwanninmu kafin Turawa, sunan ya koma kan ƙwandalar faran biyar. Jaka kuwa asalinta jakar wuri ce mai 20,000. A wajenmu ta zama fam 100, watau naira 200, a wajensu ta zama sefa 1,000. Kuɗi ya sake sau uku, bakin 'yan kasuwa bai sake ba.

Zumunta a ƙafa take

A gidan kakar abokina muka kwana, wadda ta haifi mahaifiyarsa. 'Yar Illo ce, aure ya kai ta can tun Dahome ba ta sami mulkin kai ba, watau kafin 1960. Na tambaye ta, "Kaka, da aka kawo ki, wace takarda kika nuna a iyaka?"

Ta ce, "Takardar me, ɗan nan? A jirgin ruwa aka kawo ni, da tabarmata da ƙorena. Ni ban ga iyaka ba, sai dai na ga an daina karɓar sule an koma karɓar dala."

Ta ce a rayuwarta an rufe hanyar nan ba sau ɗaya ba. Ta tuna da rufewar 1984 zuwa 1986, da ta 2019 zuwa 2020. A ta biyun ne yayanta ya rasu a Illo. Da dare aka goya ta a babur, aka bi da ita ta cikin gonaki kamar buhun shinkafar sumoga, tsohuwa mai shekara kusan tamanin, don ta je ta yi wa ɗan'uwanta addu'a. Da ta zo nan a labarin sai ta yi shiru, ta ɓare goro, ta miƙo mini rabi.

Ba ina cewa ƙasa ta zauna ba iyaka ba. Ga 'yan bindiga, ga masu fasa-ƙwauri, dole hukuma ta sa ido. Amma wanda zai rufe ƙofa daga Abuja ko Kwatano ko Yamai, ya kamata ya san cewa ƙofar a tsakar gidan wasu take.

Kammalawa

Na komo da kalmomi 43 a littafina, na abinci da na kuɗi da na kasuwa. Kira nake ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman masu neman abin da za su rubuta kundin digiri a kai. Mun yi ta nazarin karin harshen Kano da Katsina da Sakkwato, mun bar Hausar bakin iyaka da ta zango, alhali masu riƙe da labarin irin su Kaka suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Daga nan jami'a zuwa Illo tafiyar yini guda ce. A ɗauki littafi da alƙalami, a zauna wurin mai tubani, a tambaye ta wa ya koya wa uwarta. Ina kuma roƙon malamanmu na tarihi da na harshe su duba abin da na kawo, inda na yi kuskure su gyara mini.

Da za mu taso Kaka ta ƙulla mini wagashi biyu a ganye, ta ce in kai wa mahaifiyata. A shingen dawowa aka kwance ƙullin, aka shinshina, aka tambaye ni ko kayan waje ne. Abokina ya ce, "Ranka ya daɗe, saniyar a Ka'oje ta yi kiwo, a Madikali aka tatse ta." Mai shingen ya yi murmushi, ya sauke igiya.

Allah ya sa mu dace, amin.